Lissafin Kifin da Ba a Gani Ba: Samfuri da Matsakaici a Binciken Masu Fatsa

A farkon watan Mayu na shekarar 2017, hukumar da ke kula da al'amuran teku ta gwamnatin tarayyar Amurka, wadda aka fi sani da NOAA, ta ba da wata sanarwa da ta tayar da ƙura a jihohi biyar da ke bakin Mashigin Tekun Meksiko. Sanarwar ta ce masu fatsa da ke fita da ƙananan jiragensu na kansu za su sami kwana uku kacal, daga 1 zuwa 3 ga Yuni, don kamun wani jan kifi mai daraja da Amurkawa ke kira red snapper a ruwan da ke hannun tarayya. Mutanen da suka zuba dubban daloli wajen sayen jirgi da inji suka yi ca, masu sayar da mai da kayan fatsa suka kama kuka, 'yan majalisa suka sa baki, har dai Ma'aikatar Ciniki ta ƙara kwana 39 a kan ukun nan. Abin lura shi ne, babu mahalukin da ya taɓa ƙirga kifin da waɗannan mutane suke kamawa ɗaya bayan ɗaya. Kwana ukun nan daga lissafi suka fito, shi kuwa lissafin an gina shi ne a kan amsoshin 'yan tsirarun mutane da aka tare a bakin ruwa, da na wasu da aka buga wa waya a gida.

Masu fatsar da ake magana a kansu sun bambanta da masuntan da su ya zama sana'arsu ta gado. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa da 'yan fansho, waɗanda ke ɗaukar sanda da zare da ƙugiya ranar hutu su nufi ruwa don shaƙatawa. Kowane ɗayansu abin da yake kamawa bai taka kara ya karya ba, amma yawansu ya kai miliyoyi, kuma hukumar ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 sun fita fatsa a teku kimanin sau miliyan 200. A shekarar 2004 Felicia Coleman ta Jami'ar Jihar Fulorida da abokan aikinta suka buga wani nazari a mujallar Science, inda suka nuna cewa a 2002 masu fatsa sun kama kashi 4 ne kawai cikin ɗari na dukkan kifin teku da aka sauke a Amurka. To amma da aka keɓe nau'o'in kifin da ake fargabar raguwarsu, sai kason ya tashi zuwa 23 cikin ɗari, a Mashigin Tekun Meksiko ma ya kai 64. Ke nan duk hukumar da ke son kare kifi daga ƙarewa tilas ta san abin da waɗannan mutane suke ɗiba. Manyan jiragen kamun kifi na kasuwanci ba su da wuyar bi, domin tashoshinsu sanannu ne, ana auna kayansu a sikeli, dillalai kuma suna ba da rasit. Mai fatsa kuwa ya fito daga ruwa, ya jefa kifinsa uku a bayan mota, ya tafi gida ya soya, babu takardar da ta shaida.

Ɗanɗano da Ƙuri'a

Wanda ya je sayen gero a kasuwa ba ya zazzage buhu don ya duba kowace ƙwaya. Hannu yake zurawa ya ɗibo kaɗan ya duba, daga nan ya yanke hukunci a kan buhun duka. Wannan ɗan abin da ya ɗibo shi masana ƙididdiga suke kira samfuri. Gogaggen mai saye ya san cewa a bakin buhu ake shimfiɗa mai kyau, don haka sai ya zura hannunsa can ciki. Ilimin ɗibar samfuri gaba ɗaya a kan wannan wayon ya ginu: ƙanƙantar abin da aka ɗiba ba ta cika ɓata lissafi ba, inda aka ɗibo shi ne ke ɓatawa.

Anders Kiaer, shugaban ofishin ƙididdiga na ƙasar Norwe, shi ne ya gabatar da wannan ra'ayi gaban taron masana a birnin Ban na Suwizalan a 1895, ya ce ana iya sanin halin al'umma daga wani yanki nata da ke wakiltarta. Manyan masana na lokacin suka yi masa ca, suka ce ba abin da zai maye gurbin ƙidaya cikakkiya. Sai a 1934 Jerzy Neyman, wani masanin lissafi daga Folan, ya kafa hujjar da ake bi har yanzu. Ya nuna cewa idan aka zaɓi samfuri ta hanyar ƙuri'a, yadda kowane mutum yake da rabon da aka sani na fitowa a cikinsa, to ana iya lissafa girman kuskuren da ke tattare da sakamakon daga samfurin kansa. Idan kuwa mai bincike ne ya zaɓa da son ransa, ko da kyakkyawar niyya, babu hanyar sanin nisan da ya yi da gaskiya.

Kuskuren da ƙuri'a ke haifarwa yana da ɗabi'a sananniya. Yana raguwa idan samfuri ya ƙaru, amma da nawa: sai an ninka samfuri sau huɗu kafin kuskure ya ragu da rabi. Wanda ya tambayi mutum 400 ya ga tazarar kuskurensa ta yi faɗi, sai ya tambayi 1,600 kafin ya raba ta biyu, in kuma yana son ya sake raba ta, sai 6,400. Akwai kuma wani kuskuren na daban da ake kira karkata, wato idan hanyar zaɓen ta fifita wani rukuni na mutane a kan wani. Shi wannan yawan samfuri ba ya maganinsa. Mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsoshi fiye da miliyan biyu kafin zaɓen shugaban ƙasa na 1936, akasari daga jerin sunayen masu waya da masu mota, ta yi hasashen Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Roosevelt ya lashe jihohi 46 daga cikin 48.

Lissafi Mai Ƙafa Biyu

Jimlar kifin da masu fatsa suka kama ana samun ta ne ta ninka abu biyu: yawan fitar da aka yi, da matsakaicin kamun kowace fita. Idan an fita sau dubu ɗari, kuma kowace fita a kan matsakaici ta kawo kifi biyu, to an kama dubu ɗari biyu. Kowace ƙafa da nata binciken. Masuntan tafkin Kainji sun ga irin wannan tsari a shekarun 1990, lokacin shirin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus na bunƙasa su a tafkin: akan zagaya ƙauyuka a ƙirga jirage da kayan su, sa'an nan a zaɓi wasu wuraren sauke kifi a riƙa auna kamu, a ƙarshe a haɗa lissafin biyu.

Amurka ta fara nata binciken na ƙasa a 1979. Don sanin kamun kowace fita, akan tura ma'aikata wuraren da ake sauke jirage da gadojin da ake tsayawa a yi fatsa, su tare wanda ya gama, su duba kifinsa, su tantance nau'insa, su auna, su tambaye shi nawa ya mayar ruwa. A Turanci ma sunan irin wannan bincike daga kwandon da mai fatsa ke zuba kifi aka samo shi. A 2006 Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta duba tsarin ta same shi da manyan nakasu. Ma'aikacin da aka tura wuri ya tarar babu kowa yana da izinin komawa wani wurin da ya fi cika don ya cika adadin tambayoyinsa, aikin kuma ya fi ƙarfi a lokacin da jama'a suka fi dawowa daga ruwa. Masu fatsar dare da masu zuwa lunguna sai suka kusa ɓacewa daga samfurin, kuma lissafin da ake yi a ofis yana ɗaukar kowace amsa tamkar da ƙuri'a ɗaya aka ciro su duka. Ɗiba ce daga bakin buhu. Daga 2013 aka sauya tsari: kwamfuta ce ke ciro wuri da rana da sa'o'in aiki, har da na dare, ma'aikaci kuma dole ya zauna inda aka ajiye shi ko da zai wuni bai ga kowa ba. Wunin da ba a ga kowa ba shi ma labari ne, domin ya shaida cewa a irin wannan wuri, a irin wannan lokaci, ba a kamun komai. Wuraren da suka fi cika ana ba su rabo mafi girma a ƙuri'a don kada a ɓata kuɗi, amma a wajen lissafi sai a rage nauyin amsoshinsu daidai da yadda aka ƙara musu rabo.

Matsakaicin da Babu Wanda Ya Kama

A ɗauka, don misali, an tare mutum goma a bakin ruwa. Shida ba su kama komai ba, biyu sun kama ɗai-ɗai, ɗaya ya kama uku, ɗaya kuma ya kama 15. Jimla 20 ke nan, matsakaici kifi biyu ga kowane mutum. Amma a cikin goman nan babu wanda ya kama biyu, takwas ma ba su kai biyun ba. Idan aka jera su daga ƙarami zuwa babba aka duba na tsakiya, lambar tsakiya sifiri ce. Wannan siffa ba ta misalin kaɗai ba ce, haka kamun fatsa yake a kusan duk inda aka auna shi: mafi yawa su tashi da kaɗan ko hannu rabbana, 'yan ƙalilan gwanaye su kwashe kaso mai tsoka.

Daga nan ne rigima tsakanin hukuma da jama'a takan taso. Mai fatsa ya ji an ce matsakaicin kamu biyu ne, ya dubi kansa da abokansa ya ga yawancin ranaku ba su samun ko ɗaya, sai ya ce ƙarya ake yi. Gaskiyarsa ce game da abin da ya gani, hukuma ma gaskiyarta ce, tambayoyin ne suka bambanta. Lambar tsakiya tana bayyana ranar mutum gama-gari. Matsakaici kuwa shi kaɗai ne idan an ninka shi da yawan fita yake mayar da jimla, kuma jimla ita ce abin da ya fita daga ruwa. Wanda ya ninka lambar tsakiya da fita miliyan ɗaya zai ce ba a kama kifi ko ɗaya ba.

Sai dai matsakaicin irin wannan kamu ba shi da natsuwa. Da mai kifi 15 ya bi ta wata hanya ma'aikaci bai gan shi ba, da tara ɗin da suka rage sun ba da biyar bisa tara, wato kaɗan ya ɗara rabin kifi. Mutum ɗaya ya ninka sakamako kusan sau huɗu. Abin ya fi muni ga kifin da ba a cika kamawa ba: amsa ɗaya a wurin da ke da nauyi mai yawa a lissafi tana iya zama dubban kifaye a takarda. Shi ya sa hukumar take buga ma'aunin rashin tabbas tare da kowane ƙiyasi, tana gargaɗi idan ya wuce kashi 30 cikin ɗari na ƙiyasin, idan kuwa ya haura 50 tana cewa kada a dogara da shi. Ƙiyasin shekara guda na gaɓar teku gaba ɗaya yakan yi kyau. Da zarar an yanyanka shi zuwa jiha ɗaya, wata biyu, nau'in kifi ɗaya, sai samfurin kowane yanki ya zama 'yan mutane kaɗan, kuma abin takaici irin wannan ƙaramin yanki ne masu yanke hukunci suka fi buƙata.

Wannan siffa ta kamu tana da wani sakamako a wajen doka. Idan aka rage iyakar kifin da mutum zai ɗauka a rana daga goma zuwa biyar, jama'a za su ga kamar an rage kamu da rabi. A misalin da ya gabata mutum ɗaya ne kawai dokar za ta shafa. A ruwan da kusan babu mai kai wa biyar, dokar ba ta taɓa kowa ba.

Wanda Kullum Yana Bakin Ruwa

Akwai karkatar da ta fi wannan ɓuya. A ɗauka wani tafki yana da masu fatsa 100. Casa'in daga cikinsu sau biyu suke zuwa a shekara, goma kuwa mayun ruwa ne, kowannensu sau 42. Fitar rukunin farko 180 ce, ta na biyu 420, jimla 600. Matsakaici na gaskiya shi ne fita shida ga kowane mutum a shekara. To, ma'aikaci ya bi dukkan ƙa'idoji, ya zaɓi ranaku da ƙuri'a, yana tambayar duk wanda ya tarar sau nawa yake zuwa a shekara. Tunda 420 daga cikin fita 600 ta mayun ruwa ce, bakwai daga cikin kowane mutum goma da zai tarar daga cikinsu suke. A amsa 100, saba'in za su ce 42, talatin su ce biyu. Matsakaicin da zai samu 30 ne, ninki biyar na gaskiya, alhali babu wanda ya yi masa ƙarya, shi ma bai yi kuskure a tarawa ko rabawa ba. Ko ya tambayi mutum dubu goma, 30 ɗin nan zai yi ta samu.

Dalili shi ne, ƙuri'ar da aka jefa a kan fita aka jefa ta, aka kuma yi amfani da ita don yin magana a kan mutane. Maganin shi ne a ba kowace amsa nauyi kishiyar rabonta na fitowa. Mai zuwa sau 42 a lissafa shi ɗaya bisa 42, mai zuwa sau biyu a lissafa shi rabi. Saba'in ɗin sai su koma ɗaya da biyu bisa uku, talatin ɗin su koma 15, wato tara ga ɗaya kamar yadda suke a zahiri. Idan aka raba 100 da jimlar nauyin, shida ce za ta dawo. In tambayar ta tsaya ga kamun kowace fita, samfurin bakin ruwa ba shi da laifi, domin fita ake son aunawa. Laifin yana shigowa ne idan ana son sanin kuɗin da mai fatsa ke kashewa a shekara, ko ra'ayin masu fatsa a kan wata sabuwar doka, domin muryar mayun ruwa za ta danne ta sauran jama'a. Hakanan take faruwa da binciken da ake barin wanda ya ga dama ya aiko da rahoton kamunsa ta wayar hannu: gwani da wanda ya yi sa'a su ne masu ɗokin ba da labari.

'Yar'uwar wannan karkata tana bayyana a tafkuna da koguna inda babu mashiga ɗaya, inda dole ma'aikaci ya yi ta zagaya gaɓa yana tambayar mutane suna cikin fatsa. Wanda ya zauna sa'a takwas ya fi wanda ya zauna sa'a ɗaya rabon haɗuwa da shi sau takwas. Douglas Robson na Jami'ar Cornell ne ya shimfiɗa lissafin irin wannan zagaye a 1961, kuma daga nan wata tambaya ta taso wadda ta daɗe tana rikita ma'aikata: ta yaya ake ɗaukar matsakaicin kamu a kowace sa'a? Mutum biyu sun isa misali. Na farko ya yi sa'a ɗaya ya kama biyu, na biyu ya yi sa'a tara ya kama uku. Idan aka fitar da saurin kamun kowannensu aka ɗauki matsakaici, za a sami biyu da ɗaya bisa uku a raba biyu, kimanin 1.17 a sa'a. Idan kuwa aka tara kifi aka raba da jimlar sa'o'i, biyar bisa goma ne, wato 0.5. Duka biyun sunansu matsakaici. A ninka kowanne da sa'a goma da aka yi: na farko ya ba da kusan kifi 12, na biyu ya ba da biyar, kuma biyar aka kama. Saboda haka idan an tare mutane bayan sun gama, a inda kowa yake da rabo ɗaya, hanya ta biyu ce daidai. Abin mamaki, a binciken zagaye hukuncin juyawa yake yi. John Hoenig da Cynthia Jones da Kenneth Pollock da Robson da abokin aikinsu sun nuna a 1997 cewa tunda zagayen da kansa ya riga ya fifita masu dogon zama, hanya ta farko ce ta dace, in ba haka ba an ba dogon zama nauyi sau biyu. Akan kuma ajiye amsar wanda bai kai rabin sa'a da farawa ba, domin wanda ya kama kifi ɗaya a minti biyar na farko lissafi zai mayar da shi mai kama 12 a sa'a.

Daga Waya Zuwa Wasiƙa

Ƙafa ta biyu, wato yawan fita, ba a iya auna ta a bakin ruwa. Tun daga farko Amurka ta dogara da buga waya: kowane wata biyu akan ciro lambobin wayar gida da ƙuri'a a ƙananan hukumomin da ke bakin teku, a tambayi gida ko akwai wanda ya fita fatsa, kuma sau nawa. A shekarun 1980 kusan kowane gida yana da wayar girke, don haka jerin lambobin ya wakilci jama'a. Sannu a hankali wayar hannu ta cinye ta, har ƙididdigar hukumar lafiya ta ƙasar ta nuna cewa a ƙarshen 2016 fiye da rabin gidaje ba su da wayar girke sam. Waɗanda suka rage da ita sun fi zama tsofaffi, waɗanda ba su cika fita ruwa ba. Masu ɗaukar wayar baƙo su amsa tambayoyi suka yi ta raguwa, kuma wanda ya ɗauka sau da yawa ba shi ne mai fatsar gidan ba, yakan ce babu don ya sallami mai kira. Ƙuri'ar tana nan daram, buhun da ake ɗiba daga ciki ne ya zama wani buhu daban.

Sai aka ƙirƙiro binciken wasiƙa. Akan ciro adireshi daga jerin gidan waya, a gwama shi da rajistar masu lasisin fatsa don a ƙara ɗiba daga gidajen da aka san akwai masu fatsa, a aika da takardar tambayoyi da ɗan kuɗi kaɗan a cikin ambulan. An gudanar da hanyoyin biyu kafaɗa da kafaɗa daga 2015 zuwa 2017, a 2018 aka bar waya. Sakamakon ya girgiza kowa: fitar masu jiragen kansu ta zama kusan ninki uku na abin da waya ke bayarwa, ta masu tsayawa a gaɓa kimanin ninki biyar. Dole aka koma baya har zuwa 1981 aka sake lissafa tarihin kamu duka da sabon ma'auni.

Mai karatu zai zaci cewa wannan ya nuna kifi ya fi shiga haɗari. Sau da yawa akasin haka aka samu. Masana suna ƙiyasta yawan kifin da ke cikin teku ne daga abin da aka ɗiba da yadda ragowar ta jure, don haka idan ya tabbata an shekara talatin ana ɗibar fiye da yadda aka zata kuma kifin bai ƙare ba, to asalinsa ya fi yadda aka zata yawa. Inda abin ya yi zafi shi ne wajen rabo. Kason da ake ba masu kamun kasuwanci da masu fatsa an gina shi ne a kan tarihin kamun kowane ɓangare, tarihin kuwa ya sauya. A Mashigin Tekun Meksiko, kason masu kasuwanci na wani kifi da ake kira red grouper ya sauka daga kashi 76 cikin ɗari zuwa 59.3 a shekarar 2022, na masu fatsa ya tashi daga 24 zuwa 40.7. Mutanen da abincin iyalinsu ya rataya a kan wannan kifi sun ga rabonsu ya ragu saboda an sauya yadda ake yi wa wasu mutane tambaya.

Ba a nan maganar ta tsaya ba. A watan Agusta na 2023 hukumar da kanta ta bayyana sakamakon wani ƙaramin gwaji da ta yi a kan takardar tambayoyin. A lokacin, takardar tana fara tambayar sau nawa mutum ya fita a wata biyu da suka wuce, sa'an nan ta tambayi na wata 12. Da aka juya jerin aka fara da na wata 12, sai ƙiyasin fita ya ragu da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Bayanin da aka bayar shi ne, mai son fatsa ba ya son ya rubuta sifiri, sai ya jawo fitar da ya yi wata huɗu ko biyar baya ya saka ta cikin wata biyun da aka tambaya. Idan aka fara ba shi damar faɗin na shekara duka, ya riga ya shaida cewa shi mai fatsa ne, sai ya amsa ta biyu da natsuwa. Wannan kuskure ba ya bayyana a tazarar da ake bugawa tare da ƙiyasi, domin ita tazarar wasan ƙuri'a kaɗai take aunawa, ba ta san mantuwa ko kunya ba. Hukumar ta gudanar da babban gwaji a kan wannan a tsawon shekarar 2024.

Su kuwa jihohin Mashigin Tekun Meksiko, tun kafin rikicin 2017 suka fara kafa nasu binciken na jan kifin nan, Luwiziyana da Alabama a 2014, Misisifi da Fulorida a 2015, wasu da tilasta wa kowane jirgi ba da rahoto idan ya dawo, wasu da nasu samfurin. A 2020 aka miƙa wa jihohin ikon tsara kwanakin kamu na masu jiragen kansu. Nan wata matsalar ta ɓullo. An yanka wa kowace jiha kasonta da ma'aunin tarayya, ita kuma tana ƙirga abin da ta ci da nata ma'aunin, wanda a Alabama da Misisifi yake ba da adadi ƙasa da na tarayya nesa ba kusa ba. Tamkar a ba mutum bashin hatsi da mudun wata kasuwa ne ya biya da mudun wata. Sai da aka fitar da lissafin musaya tsakanin mudun kowace jiha da na tarayya, aka fara aiki da shi a 2023, abin da ya zabge kason jihohin biyu a nasu ma'aunin. Dukkan waɗannan bincike kuma suna da gurbi ɗaya da suka gada daga tsohon tsari: ma'aikaci ba ya shiga gidan mutum. Jirgin da ya tashi daga matsayar da ke bayan gidan mai shi ya koma can, wasiƙa tana iya ƙirga fitarsa, amma kifin da ke cikinsa sai dai a ɗauka cewa daidai yake da na waɗanda aka tare a matsayar jama'a.